Kukan Babur Jawabi Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon arziki ka sam mini ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin abin da ya same ni a hanyar Tsafe, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinsa. Na daɗe ina shawarar rubuto shi kunya tana hana ni, don kuwa in aka bi diddigin maganar, ba wanda laifi zai hau kansa kamar ni. Amma dai na ga gara a yi mini dariya a makaranta da a je wa wani ta'aziyya.

Ni malamin makaranta ne a Gusau, amma asalina mutumin Tsafe ne, can tsohuwata ta ke da sauran dangi. Mai ɗakina kuwa 'yar Bungudu ce. Saboda haka duk zirga-zirgata a kan titi guda ta ke: in na nufi wajen Funtuwa in sauka Tsafe, in na nufi wajen Sakkwato in sauka Bungudu, Gusau tana tsakiya. Abin hawana babur ne mai giya 4, irin wanda ya cika ƙasar nan, wanda ɗan kabu-kabu da manomi da malami duk suka dogara a kansa. Shi ne jakinmu na yanzu. Bambancinsu ɗaya ne, jaki in ya gaji ya kan tsaya ya ƙi tafiya, a doke shi a banza. Babur kuwa sai ya yi ta tafiya da ciwonsa har ranar da zai kā da kai.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, kowa ya san yadda aljihu ya koma. Kayan gyara su ma suka bi sahu. To, mai ƙaramin albashi ba ya iya rage fetur, don in babu shi ba tafiya; sai ya rage abin da ba a gani. Ni abin da na rage shi ne baƙin mai. Na bar sayen na gwangwani mai hatimi, na koma wajen wani mai awo a bakin hanya, wanda ke ɗurawa daga jarka, ban taɓa tambayarsa ko wane iri ne ba. Kuma maimakon in juye a kan kari, sai in yi ta ƙari bisa tsoho, ina ganin wayo na yi.

Babur ɗin bai ɓoye mini kome ba. Tun kafin saukar damina ta 2024 na lura in na murɗa totur a kan hawa, injin ya kan yi ta ruri amma gudun ba ya ƙaruwa, sai ka ce mai tuƙa tuwo da ruwa. Na ce tsufa ne. Bayan wannan sai giya ta biyu ta fara fita da kanta ta koma firi, har na koyi danne ta da ƙafa ina tafiya, na kuwa ɗauki wannan wata gwaninta. Sa'an nan kaca ta saki, tana dukan murfinta kacau-kacau, duk inda na wuce yara su waiwayo. Na kai wa wani yaro a gareji, maigidansa ba ya nan. Ya ce, “Malam, kacar nan ta ƙare, sai sabuwa.” Na tambayi kuɗin, na ji, na ce ya yi dabara dai. Ya cire mata gaɓa biyu, ya ja tayar baya, ya ɗaure ta tam kamar tsirkiyar baka. Ƙara ta ɗauke, na biya shi, na tafi ina murna. Bayan mako biyu na soma ganin ɗigon mai a ƙasa inda na ke ajiye babur ɗin, daidai ƙarƙashin ƙaramin faranti mai haƙora da ke jan kaca. Mai ɗakina ta yi mini magana don yana ɓata mata tsakar gida. Na sa aka zuba toka a wurin.

Ran wata Asabar cikin watan Agusta na je Tsafe gai da tsohuwa. Da zan komo aka haɗa ni da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 12 da zai zauna wurina ya shiga makaranta, aka kuma ɗaura mana rabin buhun masara. Hira ta yi daɗi, ban tashi ba sai bayan la'asar sakaliya. Tsohuwa ta ce in kwana, na ce gobe ina da sha'ani. Tafiyar ba ta kai kilomita 60 ba, na ga in na ba da wuta zan shiga Gusau kafin magariba.

Mun tsinkayo Dutsen Kwatarkwashi ke nan, ina cikin giya ta huɗu, sai ga rami cike da ruwan sama. Na rage gudu, na sauko ta uku, na taka ta biyu. Sai na ji ƙarau! daga ƙarƙashina, kamar an jefa tsakuwa cikin injin niƙa. Nan take tayar baya ta cije, ta daina juyawa. Na damƙe kuloci, don haka aka koya mini tun ina yaro, cewa in injin ya kama ka matse kuloci taya ta sake. Wallahi ko gezau. Babur ya yi ta jan gindi, ya karkace, ya watsar da mu. Ni na sami ƙujewa daga kafaɗa zuwa gwiwa. Yaron ya dafa ƙasa da hannu, hannun ya karye daga wuyansa.

Ya mai karatu, a nan ne na ga abin da ban taɓa tunani ba. Duk wanda ya san hanyar nan ya san halin da ta shiga saboda 'yan bindiga. Ba a manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare, aka kuma katse layukan waya. Tun daga waɗannan shekaru, mutum a tsaye kusa da babur a bakin daji da yamma ba abin tausayi ba ne a idon direba, abin tsoro ne. Na tsaya ina ɗaga hannu, rigata duk jini, motoci suna ganina suna ƙara wuta. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma abin da zan yi ke nan. Yaron yana riƙe da hannunsa, bai yi kuka ba, sai dai ya ce, “Kawu, rana ta kusa faɗuwa.” Wannan magana tasa ta fi ƙujewar yi mini zafi. Babur kuwa ko turawa ba ya yi, tun da taya ba ta juyawa. Can Allah ya kawo wani dattijo mai a-kori-kura, ya wuce mu, ya tsaya nesa, ya leƙo ya ƙare mana kallo, sa'an nan ya komo da baya. Shi ya kwashe mu har da babur da masara. Ban san sunansa ba, ya ƙi karɓar ko kwabo. Allah ya saka masa da alheri.

Bayan an ɗaure wa yaro hannu a asibiti, ni ma na ɗan warware, surukina ya sa aka kai babur ɗin Bungudu wajen wani tsohon bakanike abokinsa, wanda ya fara sana'ar tun zamanin da keke ne abin hawan malamai. Na je na tarad da shi ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya tsaga injin biyu, ya jera kayan ciki kamar mahauci. Muka gaisa. Bai ce mini sannu da tsautsayi ba. Ya ɗago kaca ya ce, “Malam, wa ya rage maka wagga kaca?” Na faɗa masa. Ya ce, “Shi ya ce a rage, ko kai?” Na yi shiru. Ya ce, “To, zauna. Kai ke koya wa yara karatu, yau ni zan koya maka karatun abin hawanka.”

Abin da ya koya mini shi ne dalilin wannan takarda, zan kuwa faɗe shi gwargwadon yadda na fahimta.

Ƙarfin babur daga injin ya ke fitowa, amma ba ya isa taya kai tsaye, sai ya bi hannuwa, kamar yadda umurnin Sarki ke bi ta Hakimi, ya bi ta Dagaci, ya bi ta Mai'unguwa kafin ya iske talaka. Daga injin sai kuloci, daga kuloci sai giya, daga giya sai ƙaramin faranti mai haƙora, wanda makanikai ke kira sufuroket, daga nan sai kaca, sai babban faranti na baya, sai taya. Kuloci ƙofa ce tsakanin injin da giya. In injin ne ya kama, ka matse kuloci, ka raba shi da sauran, taya ta ci gaba da juyawa, ka tsira. Amma in ɓarnar tana bayan ƙofar ne, wato cikin giya ko a kaca, matse kuloci ba ya ƙara ka da kome, don abin da ya cije yana haɗe da taya, ba abin da ke tsakaninsu. Abin da ya same ni ke nan. Na tambaye shi, “Baba, to me mutum zai yi a lokacin?” Ya ce, “Kaɗan ne. Ya riƙe kai sosai, kada ya fizgi birkin gaba, ya yi salati. Gyaran wannan tun a gida a ke yinsa.”

Sa'an nan ya bi mini ciwon daki-daki, ya nuna mini kowane da idona. Cikin giya akwai sanduna biyu na ƙarfe, kowane ɗauke da ƙafafu masu haƙora, suna juyawa bisa boris. Sandan da ke fitowa waje, wanda ƙaramin faranti ke bisa kansa, shi kaca ke ja. Da aka ɗaure kacata tam, sai ta zama tana fizgar sandan nan baya dare da rana. Ya kuma nuna mini wani abin da ban sani ba, cewa in an ɗora wa babur kaya ya zauna, kaca ƙara tsukewa ta ke yi; wadda ke tam ba kowa a sama, ina ga an hau mutum biyu da masara? Boris ɗin da ke riƙe da sandan ya gaji ya ragargaje. Robar da ke tare mai a wurin ta buɗe, ɗigon da na rufe da toka ke nan. Da boris ya saki, sanda ya karkace, haƙora suka daina shiga juna daidai, ga mai ya ragu, ga shi kuma ba na kirki ba. Ranar da na taka giya ta biyu da ƙarfi sai haƙori guda ya ɓalle, ya faɗa tsakanin 'yan'uwansa, kome ya tsaya cik. Ya ciro guntun ya sa mini a tafin hannu. Bai fi ƙwayar masara ba.

Fitar da giya ta biyu ke yi kuwa, ya ce ba aljanu ba ne. A gefen giyoyin akwai waɗansu 'yan ƙahoni masu shiga ramukan na kusa da su, su ke ƙulle giya. In mutum ya saba sa giya ba tare da ya matse kuloci sosai ba, ko yana dukan ta da ƙafa kamar mai kashe kunama, bakin ƙahonin nan ya kan cinye ya yi sulɓi, sai su riƙa zamewa. Danne ta da ƙafa da na ke yi, ashe lanƙwasa wani ƙarfe na ke yi mai kama da cokali mai yatsu biyu, wanda ke tura giyar. Ya nuna mini shi, ya yi shuɗi don zafin gugar da ya sha.

Kan maganar mai ya fi daɗewa, har ya yi fushi. Ya ce irin baburanmu mai ɗaya ne ke yi wa injin da giya da kuloci aiki, faya-fayan kuloci ma a cikinsa su ke wanka. Saboda haka man da ya lalace ba wuri guda ya ke ɓatawa ba. Kuma ba kowane mai kyau ne ya dace ba: waɗansu mayukan mota an sa musu magani mai ƙara santsi, in suka shiga babur sai faya-fayan kuloci su riƙa zamewa, injin na ruri gudu ba ya ƙaruwa. Ya ɗauko wani gwangwani ya nuna mini rubutun JASO MA a bayansa, ya ce in nemi wannan. Daga baya na bincika na iske ma'auni ne da mutanen Japan suka fitar a 1998 don man babur mai irin wannan kuloci. Shi bai san wannan tarihi ba, bai kuwa iya karatun boko ba, amma ya san siffar haruffan kamar yadda ya san fuskar 'ya'yansa. Ya tsoma yatsa cikin man da ya juye daga nawa, ya ɗaga a rana, sai ga shi yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya ce duk wanda ya juye mai ya ga haka, babur ɗinsa na cin kansa ne daga ciki.

Gyaran ya ɗauki kwana 3. Bai yarda ya sauya giyar da ta karye ita kaɗai ba, sai tare da abokiyar cizonta, don ya ce sabon haƙori da tsoho ba su zama lafiya. Ya sa sabon boris da sabuwar robar mai da cokalin nan, ya jiƙa sababbin faya-fayan kuloci cikin mai kafin ya ɗaura, ya wanke cikin injin da kalanzir har sau biyu, ya tsabtace rariyar mai, don ko ɗan ɓarɓashi ya saura zai sake ɓarna. Kaca kuma ya sauya ta tare da farantanta biyu gaba ɗaya. Na so in yi ciniki a bar tsofaffin farantan, ya nuna mini yadda haƙoransu suka yi tsini suka lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya, ya ce za su cinye sabuwar kaca kafin kaka. Kuɗin duka ya lashe albashina na wata bai ƙoshi ba, ban da na asibiti. Sabuwar kacar da na ƙi saye tun farko ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Kafin in tafi ya koya mini awo, ya sa na yi da hannuna. A tsakiyar kaca ta ƙasa, in ka ɗaga ta da yatsa, ta motsa sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, wato wajen santimita 2 zuwa 3. A juya taya a gwada wurare da yawa, don tsohuwar kaca ba ta saki daidai, a auna daga inda ta fi tsukewa. In kana so ka san ko ta ƙare, ka kama ta a bayan babban faranti ka ja. In ta ɗago har ka ga fiye da rabin haƙori, ta gama aiki, rage gaɓa ba ya mai da ita sabuwa. Ɗan makullin da ke haɗa bakinta, rufaffen gefensa shi ke fuskantar inda kaca ta nufa, in aka juya shi yana iya fita a kan gudu. Hannun kuloci a bar masa ɗan wasa kaɗan kafin ya fara ja. A wanke kaca da kalanzir kafin a sa mata mai, don mai bisa yashi, ko ƙurar hunturu ko taɓon damina, dutsen wasa ne. Ya kuma ja mini kunne kan murfin kaca, wanda samari ke cirewa wai don ado: ya ce ya ga abin da kaca ke yi wa zanen mace da ƙafar yaro, ba ya son ya sake gani.

Ya Edita, ka yi mini haƙuri in faɗi wata magana a kanmu mu masu alƙalami, ko da ba za ta yi daɗi ba. Na zauna kwana 3 a garejin nan ina kallon masu zuwa. Ɗan kabu-kabu ya kan zo tun ƙara tana ƙarama, ya tsuguna tare da bakanike, ya san sunan kowane ƙarfe, don babur ɗin shi ne gonarsa. Mu kuwa malamai da akawuna mu kan tsaya nesa da farar riga kada mai ya taɓa mu, mu ce “a yi dabara,” mu duba agogo. Littafin da ke zuwa tare da sabon babur, wanda ya faɗi lokacin juye mai da awon kaca, mu ne muka iya karanta shi, amma ni ban san inda nawa ya shiga ba. Ina tsammanin an ƙunsa ƙosai da shi. Yaron da ya rage mini kaca ya gaya mini gaskiya tun farko, na fi shi shekaru da ilmi, na sa shi ya yi abin da ya san ba daidai ba ne. Da maigidansa na nan watakila da ya kore ni, da kuwa ya yi mini gata.

Don haka ina roƙonka, in da hali, ka riƙa ba makanikai fili a jaridar nan lokaci lokaci, a aiki wani ya zauna da irin wannan tsoho na Bungudu ya rubuto abin da ke kansa da Hausa, tun yana da rai. Akwai abubuwa da yawa da ya ambata waɗanda ban riƙe ba, kamar maganar robobin da ke cikin cibiyar tayar baya masu rage fizga, da yadda a ke gane kayan gyara na jabu. In akwai mai sani cikin masu karatu, ya taimaka ya rubuto.

Yaron ya warke, an kwance masa ɗauri bayan mako 6, yana makaranta yanzu, sai dai ya ce hannun na yi masa tsami in sanyi ya sauko. Uwarsa ba ta taɓa ce mini kome ba a kan maganar, ta ce ƙaddara ce. Har yau bai yarda ya sake hawa bayana ba. In za mu Tsafe sai in biya masa mota, ni in bi su a baya. Guntun haƙorin kuwa yana cikin aljihun teburina a makaranta, tare da alli.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Gusau.